Filin Mata: Wa Ya Tambaye Ta Abin Da Ta Koyo Yau?

Na sani da yawa daga cikinku ba da idonku kuke karanta wannan fili ba, maigida ne ko ɗa ko ƙani yake karanta muku. To, ina roƙon mai karatun yau kada ya tsallake ko layi guda, domin akwai rabonsa a ciki, zai iske shi can gaba.

Ban daɗe da fitowa daga kwalejin horon malamai ba, aka ba ni aji huɗu a wata makarantar firamare da ke cikin ganuwar Kano. Ba zan faɗi sunanta ba. Yaran ajina sun fi tamanin, waɗansu a benci, waɗansu a ƙasa. Kafin in yi wata guda ina tsayawa gabansu na lura da wani abu da ba a koya mini sosai a kwaleji ba. Watau kowane yaro da gidansu yake shigowa aji. Ba ina nufin tufafinsa ko takalminsa ba. Ina nufin idonsa. Akwai wanda idonsa yake kan allo tun daga bismilla har a tashi, akwai wanda jikinsa ne kawai a ɗakin, hankalinsa yana can wani wuri.

Akwai wata yarinya da ke zama a layin baya, shekarunta ba za su wuce goma sha ɗaya ba. Ba ta zuwa sai an kusa fita tara, wata rana ma sai an dawo. In ta zo, ba a jimawa sai ka ga kanta ya kwanta bisa benci. Ni kuwa da zafin sabon shiga, na sa ta durƙuso a bakin ƙofa, na sa ta sharar aji, na yi mata faɗa gaban 'yan'uwanta har sau nawa. Ba ta taɓa ba ni amsa ba, sai dai ta sunkuyar da kai. Yau in na tuna sai kunya ta kama ni, Allah ya yafe mini.

Ran nan na karɓi littafinta zan duba, sai na ga takardun duk sun yi tabon mai, ga ƙanshin suya yana tashi daga hijabinta. Abin da ya fi ba ni mamaki, lissafin kuɗi da na ba su, na saye da sayarwa da canji, ita kaɗai ta ci shi duka, ba ta ko goge ba. Na ce mata, "Ke, wa ya koya miki wannan?" Ta ce, "Malama, ai shi nake yi kullum." Ashe tun assalatu take ɗaukar koko da ƙosan uwarta, ta bi lungu-lungu, ba ta dawowa sai ƙullin ya ƙare.

Da la'asar ɗin wata Asabar na sa mayafina na nemi gidansu. Na yi sallama a soro, aka ce in shigo. Na iske uwar zaune tana surfen wake na gobe, ga goyo a bayanta. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, muka gaisa har da tambayar mutanen gida. Da na faɗi abin da ke tafe da ni, ba ta yi fushi ba. Ta ajiye taɓarya ta ce, "Malama, ba ƙin karatun nake yi ba, wallahi. Amma in ta zauna a aji tun safe, wa zai fitar mini da ƙosan? Ni ba fita nake yi ba. Abin da maigida yake bari na cefane ba ya kai mu azahar. Ga zubin adashi duk Juma'a. Kuma yarinyar nan girma take yi, ranar da aka tashi aurenta da me zan yi mata kayan ɗaki? Ko so kike a kai ta da tabarma, dangin miji su yi mana dariya?"

Na buɗe baki zan kawo abin da na haddace a kwaleji, sai na ga babu ko ɗaya da zai sayi mudun wake. Na yi shiru.

Ku sani, 'yan'uwa, wannan magana tata ba sabuwa ba ce a birnin nan. Daga 1976, shekarar da gwamnatin Janar Obasanjo ta buɗe shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa, wata Ba'amurkiya mai binciken zaman jama'a, Enid Schildkrout, ta zauna a Kano tana nazarin aikin da yara suke yi a gidaje. Unguwa biyu ta zaɓa, Kurawa da Ƙofar Mazugal. A Kurawa, kusa da gidan Sarki, yawancin masu gida ma'aikata ne masu albashi, su kansu sun san amfanin takarda, sai ta iske 'ya'yansu sun fi shiga makarantar boko. A Ƙofar Mazugal kuwa fatake da 'yan kasuwa suka fi yawa, matan suna sana'a daga cikin gida, 'yan matansu suka fi yin talla. Abin da ta gano shi ne, macen da ke cikin kulle ƙafafunta su ne 'ya'yanta. Su ke sayo mata kaya, su ke kai mata ciniki, su ke kai saƙo. In makaranta ta ɗauke yaran tun safe, an datse wa uwar hanyar samu ke nan. Ta kuma nuna cewa ribar tallar yarinya, yawancinta kayan ɗakinta ake tarawa da ita. Kusan shekara hamsin ke nan. A wancan zamani kwanoni da langa da tasa ake jerawa, yau kuwa gado ne da katifa da kujeru da firij, nauyin sai ƙaruwa ya yi. Daga Kurawa zuwa Ƙofar Mazugal tafiyar ƙafa ce, ganuwa guda, Sarki guda, amma yaran ba da ido guda suke kallon allo ba.

Saboda haka in kun ji wani ya hau mumbari ko ya shiga rediyo yana cewa iyaye mata jahilai ne shi ya sa suke ɗora wa 'ya'yansu talla, ku ce masa ya zo ya zauna bisa tabarmar da na zauna. Matar nan lissafinta ya fi nawa. Ta san kuɗin wake, ta san na mai, ta san na itace, ta san abin da zai ragu in an rage awa biyu daga talla. Ba na yabon talla, kada a fahimce ni a karkace. Kowace uwa ta san irin abin da yarinya take gamuwa da shi a tasha da bakin kasuwa da shagunan samari. Amma wanda yake so a sauke farantin daga kan yarinya, sai ya fara faɗin inda tuwon dare zai fito.

Akwai wani abu kuma da na lura da shi a zaman nan, shi ne ma ya fi tsaya mini a rai. Tun da muka fara magana har muka gama, matar ba ta ambaci sunan yarinyar ba ko sau ɗaya. "Yarinyar nan" take cewa, ko "waccan". Da na ce mata ɗiyarki tana da ƙwaƙwalwa, ta fi kowa lissafi a ajina, sai ta kau da kai, ta ce, "Uhm." Sai can na gane, ashe 'yar fari ce. Mu kuwa a kwaleji an koya mana mu gaya wa iyaye su riƙa yaba wa 'ya'yansu, su zaunar da su su duba littafinsu. Wanda ya rubuta wannan darasi bai san alkunya ba. Yaya za a yi macen da ba ta iya faɗin sunan ɗiyarta gaban mutane ta jawo ta jikinta ta ce sannu da ƙoƙari? Ba rashin so ba ne, tarbiyyar da aka yi mata ke nan, haka uwarta ta yi mata.

Ana nan sai wata tsohuwa ta ɗaga labule daga ɗakin da ke kallonmu, ashe duk tana ji. Kakar yarinyar ce ta wajen uba. Ta ce, "Malama, me kika ce kishiyar tawa ta iya?" Na maimaita. Ta yi guɗa ƙasa-ƙasa, ta ƙwala wa yarinyar kira da sunanta, ta ce, "Zo nan, mummuna, ashe malama ce ke ban sani ba!" Ran nan na fara ganin haƙoran yarinyar. To, ku ji wannan, malamai 'yan'uwana: in kun je gida, ku duba wanda al'ada ta sakar wa baki a kan yaron. Wani gida kaka ce, wani gwaggo, wani yaya, wani ma abokiyar zaman uwar ce. Yaro da yawa a ajina ma ba wurin iyayensu suke ba, riƙo aka ba da su, takardar da muke aikawa "zuwa ga mahaifi" ba ta isa hannun kowa.

Kada kuma wata ta ce ai wannan zancen talakawa ne. Ina da wani yaro a ajin nan, ubansa babban ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. Da mota ake kawo shi, kuɗin tararsa ya isa cefanen wani gida. Amma bai taɓa kawo aikin gida a gama ba. In na yi magana sai ya ce, "Malama, Alhaji ya ce da na gama aji shida shago zan koma, ga masu digiri nan suna zuwa neman aiki wurinsa." Yaron ba daƙiƙi ba ne, ya san sunan kowace atamfa da shadda da kuɗinta. Abin da ya ji ana girmamawa a gidansu shi ya ba hankalinsa. Maganar da uba ya yar a kan tabarmar cin abinci ta fi wa'azin malama na wata tara nauyi.

Ga kuma wata yarinya, marainiya, tana hannun kakarta mai sayar da kuka da daddawa. Tsohuwar ba ta san ko harafin boko ɗaya ba. Amma kowane dare bayan sallar lisha sai ta ce, "To, karanto mini abin da aka ba ku yau." Yarinyar ta karanta, ta fassara mata da Hausa, tsohuwar ta yi ta tambaya, wai me ya sa ƙasa take juyawa ba mu faɗi ba. In ta ga jan biro da yawa a shafi sai ta ce, "Wannan jan na yabo ne ko na faɗa?" Yarinyar nan ba ta iya yin barci a aji, domin ta san da dare akwai mai jiran labari. Ita ce ta ɗaya a jarrabawar da ta wuce.

A kwaleji an karanta mana labarin wani babban bincike da aka yi a Amurka a 1966, wanda James Coleman ya shugabanta. Sun duba yara fiye da 600,000, suna neman sanin abin da ya sa waɗansu suke cin jarrabawa waɗansu suke faɗuwa. Sun zaci ginin makaranta ne da yawan kayan aiki. Sai suka iske gidan da yaro ya fito ya fi waɗannan tasiri. Lokacin da na rubuta wannan a jarrabawa na ɗauka ma'anarsa ɗan mai kuɗi shi ke gaba, shi ke nan. Yanzu da na ga ɗan Alhaji da jikar mai daddawa a ɗaki guda, na san zancen ya fi haka faɗi. Kuɗi suna da amfani, ba mai musu, yaron da bai karya kumallo ba ba ya jin karatu. Amma akwai abin da kuɗi ba su saya, tsohuwar nan kuwa tana ba da shi kyauta kowane dare.

Mu Kanawa ma ba sai an je Amurka an gaya mana ba. Malam Aminu Kano, da aka haifa a unguwar Sudawa a 1920, kafin ya taka makarantar Shahuci a wurin mahaifiyarsa da kakarsa ya fara karatu, cikin gida. Da aka buɗe makarantun 'yan mata na farko a Kano da Katsina a 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero da Sarki Muhammadu Dikko, daga gidajen sarauta da na barorinsu aka fara samun ɗalibai, domin sai da masu gidan suka yarda tukuna. Tun gabanin zuwan Turawa kuma, Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, jajis take aikawa ƙauyuka su koyar da mata a cikin gidajensu. Ba ta jira an gina aji ba.

Hukuma ta yi nata, gwargwado. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara kyauta, ta kuma ce uban da ya ƙi sa ɗansa a fara da yi masa gargaɗi, in ya sake a ci shi tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata guda. A 2019 gwamnatin Kano ta shelanta ilmi kyauta kuma dole, a 2024 kuma aka kafa dokar ta-ɓaci a kan ilmi a jihar. Madalla. Amma doka iyakarta ta rubuta sunan yaro a rajista. Yarinyar layin baya sunanta yana cikin rajista tun aji ɗaya, in mai duba makarantu ya ƙirga yana ƙirgawa da ita. Babu ɗan sandan da zai shiga ɗakin uwarta da asuba ya ce a bar ta ta yi barci.

To, 'yar'uwa, ga abin da nake roƙonki, ba kuma mai tsada ba ne. In yaronki ya dawo, kafin ki aike shi ko'ina, ki tambaye shi abin da aka koya musu. Ko ba ki iya karatu ba, ki karɓi littafin ki buɗe, ki duba ko an yi rubutu yau, ai kin san bambancin farin shafi da rubutacce. In ɗan fari ne kina jin nauyi, ki sa kakarsa ko ƙanwarki ta yi, ke ki saurara daga bakin murhu, zai san kina ji. In talla ta zama dole, ki zauna ki yi lissafi ko za a iya gama ta kafin ƙarfe bakwai da rabi, ko a koma sana'ar da masu saye suke zuwa har gida. Na san yamma ma ba a sake take ba, ga Islamiyya da la'asar, ga makarantar dare, ba kuwa zan ce a taɓa su ba. Yaran birnin nan makaranta biyu suke yi, waɗansu uku, in aka ɗora talla a kai yaushe za su runtsa? Kuma don Allah ki san fuskar malamar ɗanki. In ba ki fita, ki aiko a kira ta. Ni dai ban taɓa jin malamar da aka gayyata gida da mutunci ta ƙi zuwa ba.

Yanzu na zo kanka, maigida mai karatu. Na ce akwai rabonka. Cefane wuyanka yake, ba wuyan yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya ba. In abin ya gagara, to, aƙalla ka san ajin da ɗanka yake. Na sha tambayar uba ajin ɗansa ya juya ya tambayi yaron. Kana zama a dakali da abokai daga magariba har goman dare ana zancen siyasa, minti biyar daga ciki ba za su rage ka da kome ba. Ku kuma dangin ango, masu shiga ɗakin amarya kuna ƙirga kujeru kuna taɓe baki, ku sani da ku ake ɗora farantin nan.

Ga yadda muka ƙare da mutanen gidan. Tsohuwar ce ta yanke. Ta ce a rage ƙullin safe, yarinyar ta kai wa masu ciniki na kullum kaɗai, waɗanda ke kusa, ta dawo ta sa kayan makaranta. Sauran a ajiye a soro, ita tsohuwar za ta zauna ta sayar wa masu wucewa, tun da ita ta wuce kulle. Uwar ta yi lissafi da yatsu, ta ce za a yi hasarar kusan zubin adashi guda kowane mako. Ta yi shiru, sa'an nan ta ce ta yarda zuwa ƙarshen wannan zango, a ga abin da hali zai yi.

Mako biyar ke nan. Sau uku kaɗai ta makara. Na dawo da ita layin gaba, na ba ta riƙon alli. Karatun Turanci har yanzu da saura, domin an bar ta a baya da nisa, amma ta daina barci, shekaranjiya ma har ta ɗaga hannu. Uban kuwa ban gan shi ba tukuna, sau biyu ina zuwa ana ce mini yana kasuwa. Tsohuwar ta raɗa mini cewa wani daga danginsa ya fara zancen a ba ɗansa ita in ta gama aji shida. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci aka ce ana samunsa a gida, na kuwa roƙi yayana ya raka ni, domin maganar maza sai da namiji. Wadda ta taɓa shiga irin wannan tsakani ta rubuto mini ta hannun Edita, ta gaya mini ta inda ta ɓullo wa nata uban yaran, ina bukatar shawara kafin ranar.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.